Sharhi: Matasan da ke koyon neman tallafi a ƙungiyoyin makamashi mai tsafta, da darasin da ke ciki ga Abuja

A watan Agustan 2025 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar da soke wani shiri na dala biliyan 7 da aka ware domin kafa wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi wutar sola. Tun a watan Afrilun 2024 aka raba kuɗin ga jihohi da ƙabilun asali na ƙasar da ƙungiyoyi guda 60, da nufin isa ga gidaje sama da 900,000. Cikin waɗanda aka zaɓa har da GRID Alternatives, ƙungiyar da ba ta neman riba da ke birnin Oakland a jihar Kalifoniya, wadda ta yi suna wajen ɗora faranta a rufin talakawa tare da horar da matasa sana'ar. Soke shirin ya jefa irin waɗannan ƙungiyoyi cikin neman mafita, kuma idon kowa ya koma kan ofis guda da ba a cika ganin hotonsa a jarida ba, wato sashen neman tallafi.

A wannan sashe ne ƙungiyoyin ke ɗaukar ɗalibai da sababbin masu digiri domin horon sanin makamar aiki. Aikin ba shi da armashi irin na hawa rufi da kwalkwali. Matashin zai zauna gaban kwamfuta yana binciken gidauniyoyin da manufarsu ta dace da ta ƙungiyar, yana lura da ranar rufe karɓar takardu, yana gyara rajistar masu ba da gudummawa, yana rubuta wasiƙun godiya. Idan ya fara gogewa, sai a ba shi wani ɓangare na takardar neman tallafi ya tsara: matsalar da ake son magancewa, yawan mutanen da za su amfana, kasafin kuɗi, da ma'aunin da za a gane an yi nasara. Daga nan ne albashin mai haɗa waya da kuɗin batir suke fitowa. Rijiya ce da kowa ke sha, amma kaɗan ne suka san mai haƙarta.

Akwai ƙa'idoji biyu a Amurka da suka cancanci a duba su. Ta farko, ƙungiyar ƙwararrun masu neman tallafi ta ƙasar ta haramta wa mambobinta karɓar kamasho daga kuɗin da suka samo, saboda wanda ladansa ya dogara da kaso zai iya ƙara gishiri a rahoto ko ya matsa wa mai bayarwa. Ta biyu, ƙungiyoyin da aka ɗauke wa haraji suna miƙa bayanin kuɗinsu duk shekara, kuma jama'a na da damar ganin sa. Matashin da ya koyi aiki a ƙarƙashin waɗannan sharuɗɗa yana fita da sanin cewa amana ita ce jarin ƙungiya.

Sai dai tsarin yana da tabo. Dokar ƙwadago ta Amurka ta bar ƙofa a buɗe ga ƙungiyoyin agaji su karɓi masu aikin sa-kai ba tare da biya ba, don haka guraben horo da yawa ba su da ko sisi. Wanda iyayensa za su iya biya masa haya da abinci na wata shida shi ne zai iya karɓar irin wannan gurbi. Ƙungiyar da ke iƙirarin buɗe wa 'ya'yan talakawa hanyar aiki sai ta wayi gari ta rufe musu ƙofar ofishinta. Ita kanta fadar shugaban Amurka sai a 2022 ta fara biyan matasan da ke horo a cikinta.

Abin da ya haɗa wannan batu da Najeriya a fili yake. Guguwar da ta tafi da shirin solar cikin gida ita ce ta rusa hukumar USAID a 2025, tare da shirin Power Africa da Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar a 2013, wanda Najeriya na cikin ƙasashen da suka fara shiga. Ƙungiyoyinmu da suka saba da taga guda yanzu dole su ƙwanƙwasa ƙofofi da yawa. Ga kuma girman buƙatar: Shirin Sauya Makamashi da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Agustan 2022 ya ƙiyasta ƙarin dala biliyan 410 kafin 2060, kimanin biliyan 10 kowace shekara, kuma ya yi hasashen guraben aiki 340,000 zuwa 2030. Kuɗin da aka riga aka samu, irin dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disambar 2023 domin shirin da Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara ke gudanarwa, suna zuwa ne da tulin sharuɗɗa na takardu da bincike da rahoto. Ƙungiya ko ƙaramin kamfani da ba shi da wanda ya iya wannan rubutu zai tsaya yana kallo, ko da kuwa ya fi kowa sanin ƙauyen da ke cikin duhu.

A nan ne ma'aikatan tarayya da mataimakan masu riƙe da muƙamai suke da abin yi, kuma ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Hanyoyin tura matasa wuraren aiki suna nan: shirin horon ɗalibai a masana'antu da Asusun Horas da Ma'aikata ya kafa a 1973, da hukumar yi wa ƙasa hidima, da shirin da gwamnati ta fara da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 na tura masu digiri aiki na shekara guda. Idan ana maganar ayyukan da ba sa gurɓata muhalli, tunani yakan tsaya kan injiniya da mai kafa faranti. Ya kamata a sanya masu karatun lissafin kuɗi da tattalin arziki da harsuna cikin lissafin, a tura su sassan neman tallafi na ƙungiyoyin da rajistarsu ta cika a Hukumar Rajistar Kamfanoni da sashen yaƙi da halasta kuɗin haram na EFCC.

Sharuɗɗa uku za su hana a maimaita kuskuren Amurka. A biya kowane matashi alawus da bai gaza mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, domin ɗan Gusau ko Abakaliki da ba shi da kawu a Maitama ya iya zama a Abuja. A hana biyan su da kaso na abin da suka samo. Sannan a wajabta wa ƙungiyar ta haɗa shi da ma'aikaci gogagge, ta kuma nuna a ƙarshen shekara takardun da ya taimaka aka rubuta, domin kada horon ya koma aike da ɗaukar jaka.

Akwai masu cewa koya wa matasa neman tallafi tamkar koya musu bara ne. Hujjar tana da nauyi idan duk ƙoƙarin ya ƙare a ofisoshin jakadanci. Amma ƙwarewar da ake buƙata wajen shawo kan gidauniya ita ce ake buƙata wajen shawo kan banki ko asusun fansho ko attajirin Kano ko Onitsha ya zuba kuɗi a ƙaramar tashar sola: ƙididdiga sahihiya, kasafi mai ma'ana, da rahoto a kan lokaci. Abin da ya faru a 2025 ya nuna cewa mai bayarwa na iya janye hannu cikin dare ɗaya. Duk wanda ke tsara sabon shirin horar da matasa a ma'aikatar wutar lantarki ko ta muhalli ko ta matasa, ya dace ya ware wa wannan sana'a gurbinta da kuɗinta tun a takardar farko.