Malamin Gyaran Waya Yana Farm Centre, Ɗalibin Yana Gwale

A shekarar 2011 manhajar babbar sakandare ta Najeriya ta zo da darussan sana'a 34, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. A ciki akwai gyaran wayar salula da sarrafa bayanai a kwamfuta, kuma WAEC ta riƙa shirya jarrabawarsu. A takarda ke nan. Ka leƙa ajin 'yan SS2 a Ɗorayi ko Goron Dutse da ke Gwale a Kano, ka tambayi wa ya taɓa kwance waya da hannunsa a makaranta, ka ga hannu nawa za a ɗaga.

Ban ga laifin malamin ba. Sau da yawa lissafi ko fiziks ya karanta, aka jingina masa darasin don babu wani. Sai ya zana cikin waya da alli, yara su kwafa su haddace.

Wanda ya iya abin kuwa yana kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut Road, gaban ɗan teburi mai fitila, da mita, da ƙarfen liƙi, da dalma. A kawo masa wayar da ta faɗa ruwa. Ya buɗe ta, ya goge da burushi, ya ɗora mita yana bin layi har ya kama inda wuta ke zurarewa, sannan ya sa hantsaki ya ɗauke wani abu da bai kai ƙwayar gero ba, ya maye shi da sabo. Dokar Ohm da yaronmu ya haddace don jarrabawa ita mutumin nan yake aiki da ita tun safe, ko da bai san sunanta ba. Shi ba ya iya ba da takardar shaida, makaranta kuma ba ta iya ba da hannu. Tsakaninsu kuɗin adaidaita sahu ne kawai.

Mu a wurinmu idan aka ce haɗin gwiwa, hoto ake nufi: kamfani ya kawo kwamfutoci, a yanke ƙyalle, a yi jawabi, a watse. Bayan zango ɗaya ba wuta, ba mai gyara, ɗakin a kulle, makulli a aljihun shugaban makaranta saboda tsoron ɓarayi. Alhali tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai yaron da ba ya fara riƙe linzamin kwamfuta sai ana gobe jarrabawa.

Shirin 3MTT da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku abu ne mai kyau, haka ma aikin da cibiyar CITAD ta daɗe tana yi a Kano. To amma galibin masu cin moriyar irin waɗannan sun riga sun bar sakandare. SIWES ma, da ke tura ɗalibai masana'antu tun 1973, na manyan makarantu ne. A Jamus matashi yana raba makonsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a, a ƙarshe ya fita da shaidar da kowane mai ɗaukar ma'aikaci ya yarda da ita. Rabin wannan tsari muna da shi tun kaka da kakanni, shi ne yaron shago da ubangidansa. Rubutu da sa ido ne ya rage.

Ga abin da nake gani. Ma'aikatar Ilimi ta zauna da shugabannin kasuwar waya da masu haɗa sola, a tantance ogogin da aka yarda da hannunsu da halinsu. Dogon hutu ya zo, 'yan SS2 su yi mako shida a shagunansu da littafin da oga zai riƙa sa hannu, malami ya riƙa leƙowa, makin ya shiga sakamakon zango. Dole a rubuta yarjejeniya, in ba haka ba yaro zai ƙare hutun da sayo wa oga shinkafa da wake. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero kuma cikin ƙaramar hukumar Gwale take. Me zai hana ɗaliban kwamfuta na ajin ƙarshe su riƙa koyar da rubuta manhaja ranar Asabar, jami'a ta lissafa musu shi cikin karatu?

'Yan mata fa? Iyaye da yawa a Mandawari ko Diso ba za su tura 'yarsu rumfar kasuwa ba, kuma babu amfanin yin musu a kan haka. Sai mai koyarwa ya zo makaranta da kayan aikinsa. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke ciki, yana da ɓangaren koya wa 'yan mata fasahar zamani. A ɗora a kansa.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma shi kansa injiniya ne ɗan Gwale. Gina azuzuwa da sayen kujeru wajibi ne. Amma a kasafin baɗi ina so in ga layi biyu ƙanana: kuɗin motar yaran zuwa kasuwa, da ɗan ihisanin ogan da zai bar kwastoma yana jira don ya nuna wa yaro yadda ake karanta mita.