Lafiyar ƙwaƙwalwar matasa: Shin iyaye a Gwarzo da Kabo za su iya kawar da shiru?

A watan Oktoban 2021 wasu magidanta uku a Birtaniya suka yi tattaki na mil 300 a ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu ya rasa 'yarsa, wadda ta kashe kanta. Kuɗin da suka tara sun miƙa shi ga ƙungiyar Papyrus, wadda ita ma iyayen da suka yi irin wannan rashi ne suka kafa ta a 1997.

Daga baya abin da suka tara ya haura fam miliyan ɗaya, kuma a 2025 gwamnati ta amince a riƙa koya wa ɗaliban sakandare na Ingila hanyoyin kare kai daga wannan musiba.

A Gwarzo da Kabo, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin jihar Kano, da wuya mahaifi ya tsaya gaban jama'a ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne ajalin ɗansa. Akan yi zaman makoki, a yi addu'a, a ce gajeriyar rashin lafiya ce, maganar ta tsaya a nan.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekaru 10 zuwa 19 na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko fargaba. Ta kuma ce fiye da mutum dubu 720 ne ke kashe kansu duk shekara a duniya.

A Kano akwai ƙarin matsalar shaye-shaye. Wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen jihar masu shekaru 15 zuwa 64, wato sama da mutum miliyan ɗaya, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai ɗauke da kodin.

To sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Gwarzo da Kabo, waɗanda ƙidayar 2006 ta ba su mutum fiye da dubu 330 a haɗe, suna dogara ne da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Gwarzo zuwa birni tafiyar kimanin kilomita 70 ce, ga kuɗin mota, ga na magani, ga kuma wanda zai bar gona ko kasuwa ya yi rakiya.

Dalilan yin shiru

Dalili na farko shi ne gudun abin kunya. Gidan da aka ce akwai taɓin hankali a cikinsa, 'ya'yansa mata kan sha wahalar samun miji, don haka iyaye kan gwammace su rufa wa kansu asiri.

Na biyu shi ne yadda ake fassara ciwon. Idan matashi ya daina magana, ya ƙaurace wa abokai, ko barci ya gagare shi, akan fara zargin iska ko sammu. Kafin a kai ga likita an ɓata watanni. Wasu iyayen kuma gidan mari suka riƙa kai 'ya'yansu, har zuwa 2019 lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, abin da ya sa gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe nata.

Na uku shi ne doka. Sashe na 231 na kundin Final Kod ya tanadi ɗaurin da ka iya kai wa shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana aniyar gwamnati ta soke irin wannan hukunci. Kafin nan, a farkon 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958.

Abin da ke hannun jama'a

Musulunci ya haramta kashe kai, amma jumhurin malamai sun tafi a kan cewa wanda ya aikata bai fita daga addini ba, ana yi masa salla, kuma wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi. Neman magani ma bai saɓa wa tawakkali ba. Idan limamin Juma'a ya faɗi haka a kan mumbari, zai sauƙaƙa wa mahaifin da ke son magana ya buɗe baki.

Ta fuskar kuɗi kuwa, ba sai an kwaikwayi tattakin Turawa ba. Ƙasar Hausa ta saba da gidauniya da adashi da ƙungiyoyin ci gaban gari, kuma tun 2003 jihar Kano take da Hukumar Zakka da Hubusi. Asusun da zai biya kuɗin mota zuwa Dawanau, ko ya sayi maganin wata guda, ba ya buƙatar miliyoyi.

Haka kuma tun 1991 manufar gwamnatin tarayya ta sanya kula da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci. Iyayen da suka haɗa kai za su iya matsa wa shugabannin ƙananan hukumomi da ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Kabo da Gwarzo lamba, a horas da ma'aikatan jinya, a kuma ware ranar ganin masu irin wannan larura a Babban Asibitin Gwarzo.

Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna cewa hukumomi sun fi sauraron wanda abin ya shafa kai tsaye a kan ƙididdigar masana. A Gwarzo da Kabo, duk mahaifin da zai fara fitowa zai fuskanci tsegumi, kuma yadda malamai da hakimai suka karɓe shi ne zai nuna ko wasu za su biyo bayansa.