Golf na rami tara: yadda ake lissafin rangwame, da abin da Katsina ta riga ta sani

Tun watan Janairun 2024 hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan golf a duniya, R&A ta Birtaniya da USGA ta Amurka, suka yi wa tsarin handikaf kwaskwarimar da ta shafi masu wasan sha'awa fiye da ƙwararru. Gyaran ya ɗaga darajar wasan rami tara, wato rabin cikakken wasa, ya kuma rage tsawon da ake buƙata kafin a amince da fili: yadi 750 ya wadatar ga mai rami tara, yadi 1,500 ga mai rami 18. Ga garuruwa irin su Dutsin-Ma, Kurfi da Makera, inda kowace gona ke da mai ita, ruwan Dam ɗin Zobe kuma ake jiransa domin sha da noman rani, wannan ne karon farko da ɗan ƙaramin fili zai iya shiga lissafin duniya.

Handikaf rangwame ne na bugu da ake yi wa mai ƙarancin ƙwarewa domin ya iya karawa da gwani. A golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, mai ƙarancin bugu ne ke nasara, kuma kowane rami yana da ƙa'idar bugunsa, galibi uku, huɗu ko biyar. A ƙarƙashin tsarin bai-ɗaya da aka fara a 2020, ana duba wasanni 20 na ƙarshe da mutum ya buga, a zaɓi takwas mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu bayan an yi la'akari da wahalar kowane fili. Lambar ba ta wuce 54. Sabon shiga kuwa sai ya miƙa sakamakon ramuka 54 kafin a ba shi tasa, kuma zai iya tara su da wasannin rami tara guda shida.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Katsina. Tun da Sarki Muhammadu Dikko ya dasa ƙwallon dawaki a masarautar, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa, 'yan kallo sun san cewa kowane mahayi yana da lamba daga -2 zuwa 10. An gina lambar a kan wasa mai zango shida, don haka idan aka taƙaita wasa sai a taƙaita rangwamen. Ƙungiya mai jimillar 10 ta haɗu da mai 7 a zango huɗu: a ninka ratar uku sau huɗu, a raba gida shida, mai rauni ta fara da ƙwallo biyu a hannu. Golf ma haka yake yi, sai dai da bugu.

A gasar rami tara ana raba lambar ɗan wasa biyu, sannan a daidaita ta da ma'aunin wahalar filin, wanda ke tsakanin 55 da 155, madaidaicinsa 113. A ɗauki fili madaidaici mai ƙa'idar bugu 36. Mai lamba 18 zai samu rangwamen bugu tara, mai lamba 4 ya samu biyu. Idan na farko ya kammala da bugu 45, za a rubuta masa 36. Idan gwanin ya kammala da 39, nasa 37 ne. Kofi ya tafi ga wanda ya fi yawan bugu, domin shi ne ya fi kusantar iyakar iyawarsa a wannan rana.

Sai dai gajeren wasa ba ya yafiya. A rami 18, wanda ya ɓata rami ɗaya yana da sauran dama ya farfaɗo. A rami tara, ƙwallo ɗaya da ta faɗa kwazazzabo tana iya kashe masa gasa. Shi ya sa kulob-kulob da yawa ke amfani da lissafin maki na Stableford, wanda aka fara gasa da shi a Wallasey ta Ingila a 1932. Bayan cire rangwame, wanda ya cika ƙa'idar rami yana da maki biyu, wanda ya haura da bugu ɗaya maki ɗaya, wanda ya rage ɗaya maki uku, wanda ya haura da biyu ko fiye ya tashi a tutar babu, ya ɗauki ƙwallonsa ya yi gaba. Maki 18 a rami tara na nufin mutum ya yi daidai da lambarsa. Idan aka yi kunnen doki, an saba duba ramuka shida na ƙarshe, sannan uku, sannan ɗaya.

Babban sauyin 2024 yana wajen shigar da sakamako. A da, a ƙasashe da dama, sakamakon rami tara yakan zauna jiran ɗan'uwansa kafin a haɗa su su zama wasa guda. Yanzu kwamfuta na cike ragowar tara da abin da ake tsammanin mai irin wannan lamba zai buga, sakamakon ya shiga nan take. Haka ake yi wa wanda hadarin Agusta ko duhun magariba ya tsayar tsakanin rami na 10 da na 17. Ƙasa da tara kuwa ba ya shiga lissafi. Ga ma'aikaci ko malamin jami'a da ba shi da awa huɗu, amma yana da biyu bayan la'asar, musamman a zafin Afrilu ko watan azumi, wannan sauƙi ne na gaske.

Inda gizo ke saƙa shi ne amana. Mai son cin kofi ta bayan gida yakan ɓoye kyawawan sakamakonsa, ya miƙa munana, lambarsa ta kumbura, ranar gasa ya kwashi rangwamen da bai cancanta ba. A rami tara bugu ɗaya na haram ya isa ya sauya zakara. Tsarin ya tanadi birki: ba a lissafa wa mutum fiye da bugu biyu sama da ƙa'idar rami bayan rangwamensa, lamba ba ta hawa fiye da 5 sama da mafi ƙanƙantarta a cikin shekara, wanda ya buga ƙasa da lambarsa da bugu 7 ko fiye, ana zabtare masa ita. Amma duk wannan ya dogara ne da katin da abokin wasa ya sa wa hannu, da kwamitin kulob da zai iya duban babban mutum ya ce masa lambarsa ta yi yawa. A wasan da manyan jami'ai da attajirai suka fi yawa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai kuma batun auna fili. Tun zamanin Turawa Arewa ke da filaye a Kano, Kaduna, Zariya da Rayfield ta Jos, wasunsu da yashi gauraye da mai a bakin rami a maimakon ciyawa, saboda ƙarancin ruwa. Filin da hukumar wasan ta ƙasa ba ta auna ba, sakamakonsa ba ya bin mai shi zuwa Abuja ko Ikko. Saboda haka duk wata jami'a, bariki ko ƙaramar hukuma da ke tunanin kafa fili mai rami tara, ta fara neman ma'auni da kwamitin handikaf kafin ta sayi kofi. Masu ƙwallon dawaki sun daɗe da gane cewa lambar mahayi ba a bakinsa take ba, kwamiti ne ke yanke ta, kuma wannan ne ya sa mai rauni ke yarda ya shiga fili da mai ƙarfi.