Kada Mu Bar Tsofaffin Gidajenmu Su Zama Kango

Duk lokacin da na koma Jabo hutu nakan wuce ta ƙofar wani tsohon gidan ƙasa mai babban zaure da daurin guga. Masu shi sun watse, wasu Sakkwato, wasu Legas. Yau jemagu da gara ne ke ciki, indararo ya faɗi, azara ta fara leƙowa. A garin nan kuwa akwai malaman da aka turo koyarwa suna neman ɗakin haya, ga kuma magidanta cunkushe da iyali a ɗaki ɗaya.

A ganina, maganin matsalolin nan biyu guda ne: a gyara irin waɗannan gidaje, a zuba mutane. Kowa ya san ginin ƙasa ba ya son kaɗaici. In ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, shekara kaɗan zai kwanta. Wanda ke kwana cikin ɗaki shi ke fara ganin yoyo.

Wasu za su ce a mai da su gidajen tarihi, kamar Gidan Makama na Kano, ko tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Madalla, amma baƙo nawa zai zo kallo a Jabo ko Kebbe har kuɗin ƙofa su riƙe gini? A Alƙahira ta Masar, da aka buɗe Lambun Azhar a 2005, Gidauniyar Aga Khan ta gyara tsofaffin gidajen unguwar Darbul Ahmar da ke gefensa domin mazauna su ci gaba da zama. Wannan ya fi dacewa da mu.

Shawarata ita ce ƙaramar hukuma da hakimai su zauna da magada, a yi yarjejeniya a rubuce. A bar zaure yadda kakanni suka gina shi, a raba ciki sassa-sassa, kowane da kewayensa saboda mutuncin iyali. Mai albashi ya biya cikakkiyar haya, mai gyaran takalma ko matar da ke riƙon marayu su biya abin da za su iya. Kuɗin a raba, rabi na magada, rabi na yaɓe.

Masu tsoron haɗa mai hali da talaka su tuna, a da gidan attajiri ɗaya yakan ɗauki barori da almajirai da fatake, duk tukunya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Surame, birnin Kanta, yau sai kufai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta. Allah Ya sa manyanmu su duba kafin ruwan bana ya sauka, amin.