Wa Za Ta Karɓi Haihuwa?

A ƙasar Kano ta arewa, tun daga Ungogo da Minjibir har Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Dambatta, akwai magana biyu da a kan ji a bakin magidanta, sau da yawa kuma baki ɗaya ne ya ke faɗinsu. Ta fari ita ce, "Namiji ba zai duba matata ba." Ta biyu kuwa ita ce, "'Yata ba za ta yi aikin asibiti ba." In an ɗauki ta farin ita kaɗai, ba abin zargi a cikinta, gama kunya da kishin iyali hali ne na mutanen kirki. Amma wanda ya haɗa su biyun, ya kulle ɗaki ne ya jefa mabuɗi a rijiya, alhali iyalinsa na ciki. In namiji ba zai duba ba, mace kuma an hana ta koyo, to, wa ya rage? Ba wanda ya rage sai mai haƙa kabari.

Mai karatu ya tuna da abin da ya sha gani a ƙauyensu. Mace ta fara naƙuda da almuru. A kira tsohuwar ungozoma, a jiƙa rubutu, a yi turare, a yi ta jira. Gari ya waye ɗa bai fito ba, wani dare ya sāke yi. Sai an ga ta galabaita sa'an nan za a tashi neman mota, a nufi asibitin Bichi ko na Dambatta da ita, ko a wuce birni. Wata ta kan cika a hanya. Wata ta kan rayu, amma da ciwon da zai raba ta da mijinta. Dalili kuwa shi ne, in kan jariri ya tokare a ƙugu ya daɗe, ya kan danne mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina kai wa wurin. Naman wurin sai ya mutu ya huje, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari. Wani likita mutumin Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke irin waɗannan mata a Babbar Ruga ta Katsina tun cikin shekarun 1980, ya kuma yi wa dubbai aiki. Galibinsu da an sami ungozoma mai ilmi kusa, wadda za ta gane tun da wuri cewa wannan haihuwa ta fi ƙarfin gida, da ba su kai ga haka ba.

Abin ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in dukan matan da suka rasu ta wannan hanya a duniya cikin shekarar. Binciken lafiyar jama'a da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna cewa a jihohin arewa maso yamma, inda Kano ta ke, matan da su ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Tun kafin wannan, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar mutuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci a ke kawo su.

Abin takaici shi ne, manyan cututtukan nan an san maganinsu, kuma ba tsada gare shi ba. Jijjiga, wadda ta kan kama mai ciki in jininta ya hau, akwai allurar da a ke tsai da ita. Da aka fara amfani da allurar nan a asibitoci 10 na Jihar Kano a 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauko daga wajen 20 cikin 100 zuwa ƙasa da 3 cikin 100. Zubar jini bayan haihuwa kuwa, a 2023 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai awo wadda ke nuna yawan jinin da ya zuba, in ya kai haddi a ba da magungunan gaba ɗaya ba jinkiri. Da wannan dabara mummunar zubar jini ta ragu da wajen kashi 60 cikin 100. Cikin shugabannin wannan aiki akwai Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, 'yar Kano. Da mahaifinta ya ce 'yarsa ba za ta yi aikin asibiti ba, da Kano ta yi hasarar da ba mai iya lissafa ta. Amma allura ba ta yin kanta, leda kuma ba ta shimfiɗa kanta. Sai da hannu mai ilmi, hannun da maigida zai yarda ya shiga ɗakin matarsa.

To, mene ne hujjar masu hanawa? Hujjarsu ta fari addini. Wannan kuwa ita ce mafi rauni duka. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai wata sahabiya, Rufaida Al'aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙu, a tantinta aka kwantar da shi. Imamu Gazali ya lissafa ilmin likita cikin farillan kifaya, watau aikin da in wasu sun ɗauka ya faɗi a kan saura, in kuwa kowa ya bari, gari duka ya yi laifi. Har ya yi kuka da mutanen zamaninsa don sun bar wannan ilmi sun rufu a kan wanda ke kawo girma da muƙami. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da su ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, mata masu ilmi, ta aika su ƙauyuka su karantar da 'yan'uwansu. Saboda haka garin da ya ke da mata dubu masu haihuwa, ba ko ɗaya da ta koyi karɓar haihuwa da ilmi, limaminsa ya kamata ya fara jin tsoro kafin kowa.

Hujja ta biyu aure. Su kan ce karatun zai tsufar da yarinya a gida, aikin dare kuma zai hana ta zaman miji. Amma karatun ungozoma a tsarin da aka daɗe ana bi shekara 3 ne bayan sakandare, kuma aure bai hana shi ba, matan aure da yawa sun yi shi da goyo a baya. Nisa ma ba hujja ba ne ga mutumin wannan yanki, gama makarantar ungozoma tana nan a Dambatta, akwai kuma ta ƙarin ilmin ungozoma a Gezawa. Mutumin Makoɗa ko Kunci ya kan yi tafiyar da ta fi wannan don ya sayar da buhun wake a kasuwar Dawanau. Aikin dare kuwa, haihuwa ba ta san dare ba. Wanda ya ƙi matarsa ta fita da dare ta ceci matar wani, ya sani wata rana tasa matar ce za ta kwanta tana jiran matar wani ta fito.

Hujja ta uku raini. Akwai masu ganin aikin jinya aikin ƙazanta ne, taɓa jini da kwashe kashi. Akwai kuma waɗanda suka yi boko kaɗan, su a wurinsu in ba babban likita ba, sauran duk wahalar banza ce. Sai yaro ya yi shekara uku yana sāke jarrabawa don neman gurbin likita a jami'a, bai samu ba, ya ƙare a tashar mota, alhali ɗakin shan magani na garinsu yana rufe don rashin ma'aikaci. An ƙi cin biri an ci dila ke nan. Karatun likita shekara 6 ne, da shekara guda ta koyon aiki, gurabensa kuma kaɗan ne. Wanda Allah ya ba ƙwaƙwalwa da hali, ya nema, madalla. Amma aikin lafiya ƙofofinsa da yawa. Akwai nas, akwai ungozoma, akwai ma'aikacin lafiyar al'umma wanda ke riƙe asibitin sha-ka-tafi, akwai mai gwajin jini, akwai mai haɗa magani, akwai duba-gari. Makarantar Tsafta ta Kano tana horar da irin waɗannan ma'aikata tun 1932, akwai kuma makarantar koyon aikin lafiya a Bebeji. Kasashen duniya da suka taru a Alma-Ata a 1978 sun yi ittifaƙi a kan cewa tushen lafiyar jama'a shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa da gida, kuma a kan wannan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya gina aikinsa sa'ad da ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Mutumin ƙauye ya kan yi shekaru bai ga babban likita ba. Waɗannan da a ke rainawa su ne likitocinsa.

Akwai hujja ta huɗu, ita kam tilas a saurare ta, gama tana da tushe. Mutane su kan ce ba su amince da asibiti ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin ya shafi yara wajen 200, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jiha. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, ba a koma ba sai 2004, cutar kuwa ta bazu har wasu ƙasashe. Haka kuma ba a musun cewa akwai ma'aikatan da su ke yi wa matan ƙauye tsawa da wulaƙanci, har mace ta rantse ba za ta sāke komawa ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma a duba yadda aka ci nasarar shan-inna. Mata 'yan gari ne suka bi gida gida, suka shiga inda aka rubuta ba shiga, da taimakon sarakuna da malamai. Wasunsu sun ba da ransu, gama a watan Fabrairu na 2013 an harbe masu rigakafi 9 a Kano. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka. Da ɗan gari a kan ci gari. Wanda ya ke tsoron baƙon da bai san harshensa ba, maganin tsoronsa shi ne ya sa 'yarsa a ɗakin. Ita ce ta san wankan jego da kunun kanwa, ta san yadda za ta gaya wa kakarta cewa yawansu yana wahal da zuciyar mai jego, ba tare da an yi faɗa ba. Ita ce kuma ba za ta nemi canjin wurin aiki zuwa birni bayan wata shida ba, don mijinta da gonarsu suna nan.

Manomin wannan ƙasa ya fi kowa sanin wannan hisabi. Gonakinsa ba su hutawa, don mutane sun yi yawa ƙasa ta yi kaɗan. Abin da ya riƙe su shekara da shekaru shi ne takin da ya ke kaiwa tun da rani, mangala bayan mangala, ya sani sai kaka zai ga amfaninsa. Bai taɓa tsammanin maƙwabci ya kai taki gonarsa shi ya girbe gero a tasa ba. Me ya sa a sha'anin lafiya ya ke jiran 'yar wani gari ta yi karatu ta zo ta karɓi haihuwar matarsa?

Abin da ya kamata uba ya yi a fili ya ke. Ya bar yarinya ta gama sakandare, ya ga ta shiga ajin kimiyya tun da wuri, gama makarantun nan suna neman kiredit 5, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fizis. Ya bincika ya tabbata makarantar da za ta shiga hukumar nas da ungozoma ta ƙasa ta yarda da ita, ko hukumar da ke kula da wannan fanni, don kada a kashe kuɗi a kan takardar da ba ta aiki. In manemi ya fito, a sa ƙare karatun cikin sharuɗɗan aure a gaban waliyyai da shaidu. Dagaci da limami da masu hali su kuma su zauna su zaɓi yarinya ɗaya ko biyu a kowace gunduma, su ɗauki nauyinta bisa alkawarin za ta dawo ta yi wa garin aiki. Jama'ar da ta iya haɗa kuɗi ta gina masallacin Juma'a ba za ta kāsa wannan ba.

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarsa, ya jure dariyar yara har ya iya karanta wannan takarda da kansa, ya riga ya san abin da jahilci ya ci masa. Bai kamata a same shi cikin masu tare wa 'yarsu hanya ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya sa a gane gaskiya a bi ta, amin.