Riƙewa Ko Musaya: Lissafin Da Ke Gaban Masu Manyan Motoci A Kwangila

Duk wanda ya ɗan tsaya a ƙarƙashin gadar Kwangila da ke Zariya zai ga kusan kowace irin mota da ke yawo a Arewa. A nan ne babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Samaru, Giwa, Funtuwa har Sakkwato, kuma a gefen waɗannan hanyoyi akwai masu sayar da motoci da dillalai da kanikawa. Cikin cinikin da ake ƙullawa a irin waɗannan wurare akwai musaya: mutum ya kawo motarsa a yi mata kuɗi, ya ɗauki wata, ya yi ciko ko a yi masa.

A da, wannan lissafi ba ya da wuya. Kowa ya san mota tana rage daraja da zarar ta taka kwalta, don haka wanda ya saya a miliyan goma ba ya tsammanin a taya masa sama da haka bayan shekara uku. Daga 2023 zuwa yau al'amarin ya juye. Ɗan kasuwa ko babban ma'aikacin da ya sayi jif ƙirar Lexus ko Land Cruiser ko Marsandi kafin wannan shekara yakan ji an taya motarsa da kuɗin da ya zarce abin da ya biya. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin riba, har wasu na cewa mota ta zama kadara kamar fili. Wannan zato ne ke sa mutane yanke shawarar da ke cinye jarinsu.

Ribar da ke kan takarda

A ɗauki misali don sauƙin lissafi. Mutum ya sayi babbar mota a tsakiyar 2021 kan Naira miliyan 20, lokacin da Dala take wajen Naira 500 a kasuwar bayan fage. Ke nan ya biya Dala 40,000. Yau dila ya taya ta miliyan 36. A ido, an samu ƙarin miliyan 16. Amma idan aka lissafa Dala a Naira 1,500, miliyan 36 ba ta wuce Dala 24,000 ba. Motar ta zubar da kashi 40 cikin 100 na darajarta, kamar yadda tsufa ke yi wa kowace mota. Naira ce ta fi motar saurin faɗuwa, shi ya sa asarar ta ɓuya.

Gaskiyar lamarin tana fitowa ne a ranar musaya. In mai motar yana son wata mai matsayin da tasa take da shi ranar da ya saye ta, wato ta Dala 40,000, zai tarar da ita a miliyan 60. Cikon da zai yi miliyan 24 ne, fiye da kuɗin da ya sayi motar farko baki ɗaya. Saboda haka adadin da ya kamata mai mota ya zuba wa ido shi ne ciko. Kuɗin da aka taya tsohuwar motar ba ya nuna komai sai an ajiye shi kusa da farashin wadda za ta maye gurbinta.

Abin da ya ɗaga farashi

Kusan duk manyan motocin da ake hawa a Najeriya daga waje ake shigo da su, akasari waɗanda aka riga aka hau a Amurka, Kanada da Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Da Dala ake sayensu, da Dala ake biyan jirgin ruwa. A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, Dalar da take wajen Naira 460 a hukumance ta fara hawa, har ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Hukumar Kwastam kuma da farashin canjin Babban Banki take lissafa harajin shigo da kaya, don haka kuɗin fito ya bi sahun Dala. Kafin nan ma, a 2022 hukumar ta fara ƙiyasta darajar mota ta lambar shasi, abin da ya rage damar sasantawa a tashar jiragen ruwa. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 kuwa aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da ta daɗe tana ciyar da kasuwannin Arewa.

Da tokumbo ta yi tsada, sai masu saye suka koma kan motocin da aka hau a gida, farashinsu ma ya tashi. Sai dai wannan tashi ya dogara ne kan faɗuwar Naira. A 2025 Naira ta ɗan natsu, galibi tana kai da kawo tsakanin 1,450 da 1,600 a kan Dala. Muddin canji ya tsaya wuri guda, babu sauran abin da zai rufe tsufan mota. Wanda ya ajiye tasa yana jiran a ƙara tayawa zai iya tarar da tayin bana bai kai na bara ba.

Kuɗin riƙo

Ɓangare na biyu na lissafin shi ne abin da motar ke ci kullum. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce Naira 1,000 a wurare da dama a Oktoban 2024, kafin ta ɗan sauko. Babbar jif mai tankin lita 90 da ake cikawa da kimanin Naira 17,000 a farkon 2023, in lita tana Naira 900 sai an ba da 81,000. Cikon tanki guda ke nan ya zarce mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ga ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Bayan mai akwai taya, batir, baƙin mai da kayan gyara, duk na waje. A nan ne motoci ke rabuwa gida biyu. Toyota, Lexus da Honda sun fi riƙe daraja a kasuwar Arewa, domin kayansu na samuwa kuma kanikawa sun san cikinsu. Manyan motocin Turai masu yawan na'urorin lantarki kuwa, in suka fara laulayi, sau da yawa sai an nemi mai kwamfutar bincike, wani lokaci a jira kaya daga Legas. Mai saye ya san da haka, shi ya sa yake rage tayinsa tun kafin ya buɗe bonet.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, wato abin da kuɗin da ke kwance a mota zai iya samarwa. A misalin da ya gabata, in mai motar ya sauka zuwa ta miliyan 16, miliyan 20 za ta dawo hannunsa. Sukuk ɗin da Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fitar a Mayun 2025 yana biyan kashi 19.75 cikin 100 a shekara, wanda a kan miliyan 20 ya kusa miliyan huɗu. Ɗan kasuwar da ke juya hatsi tsakanin Giwa da Dawanau ya fi kowa sanin abin da irin wannan jari ke yi a kaka guda.

Dalilin da dila ke taya ta da arha

Masu motoci kan yi fushi da tayin dila, suna ganin an raina musu kaya. Amma dila ma da nasa lissafin. Zai gyara, ya yi fenti, ya biya la'adar dillali, sannan ya jira. Ƙaramar mota kan fita cikin kwanaki, babba kuwa tana iya shafe watanni a rana da ƙura, domin masu iya ajiye miliyan 40 a lokaci guda ba su da yawa, kuma rancen banki ba abin kusanta ba ne tun da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 a Nuwamban 2024. Duk wannan jira daga kuɗin mai motar ake cire shi. Ƙari a kan haka, motar da aka yi wa lamba a Najeriya ba ta tsayawa farashi ɗaya da sabuwar shigowa, ko da shekararsu ɗaya.

Wanda ya sayar da kansa yakan samu fiye da tayin musaya, amma zai biya da lokaci, da yawon nuna mota, da haɗarin hulɗa da wanda bai sani ba. Wanda ya zaɓi musaya kuwa, ya kamata ya raba cinikin biyu: a tsayar da farashin motar da zai ɗauka tukuna, sannan a yi wa tasa kuɗi. In aka haɗe su, dila na iya ɗaga tayin tsohuwar don faranta rai, ya mayar da bambancin a kan sabuwar. Wajibi ne kuma a tabbatar da takardar kwastam, a gwada lambar shasi da ta takarda, a kammala canjin mallaka, domin motar da ba a biya wa haraji ba asara ce da ke jiran shingen hanya.

Wa ya kamata ya riƙe, wa ya kamata ya saki

Wanda motarsa ke da lafiya, ya gama biyan kuɗinta, kuma mai da gyaranta ba sa taɓa jarinsa ko cefanen gidansa, riƙewa ta fi masa. Mafi munin faɗuwar daraja a shekarun farko take faruwa, kuma ya riga ya sha ta. Musaya zuwa sabuwar ƙira tana nufin sake shan wannan faɗuwa, a farashin Dalar yau.

Wanda kuwa motarsa ta fara neman babban gyara, ko ya rage fita da ita don tsoron gidan mai, ko yana cin bashi don riƙe ta, jinkiri ba zai amfane shi ba. Haka ma ma'aikacin da ritaya ta ƙarato: motar da albashi da alawus suka riƙe da ƙyar, fansho ba zai riƙe ta ba.

Abin da ya fi hana irin waɗannan mutane sauka shi ne bakin jama'a. A kasuwa, mota na cikin abin da ake auna mutum da shi, kuma ɗan kasuwar da aka gani a ƙaramar mota bayan babba yana tsoron a ce ya karye, masu ba shi kaya bashi su ja baya. Wannan tsoro yana da tushe, bai kamata a yi masa dariya ba. Sai dai amanar kasuwa ta fi dogara ga biyan bashi a kan lokaci, kuma an sha ganin wanda ya ƙi sauka da kansa ya ƙare da sayar da motar cikin gaggawa, a farashin da mai saye ya ga dama. Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin mai mota ya nufi Kwangila, adadi uku ya kamata ya rubuta: cikon da za a nema a wurinsa ko a ba shi, abin da motar ta ci a watanni 12 da suka wuce, da abin da kuɗinta zai samar in yana cikin sana'arsa. Wanda ya je da waɗannan a rubuce, tayin miliyan 36 ba zai ruɗe shi ba.