Ra'ayinmu: Ranar Da Aka Rufe Ƙofar Fili

Ran 18 ga watan Maris 2020 hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta ba da sanarwar dakatar da dukan wasanni a ƙasar nan saboda annobar korona. Da fari an ce na mako huɗu ne. Mako huɗun nan kuwa bai ƙare ba sai ran 27 ga watan Disamba, sa'ad da aka buɗe sabuwar kakar wasa, ita ma ba tare da 'yan kallo ba. Gasar da aka katse a mako na 25 ba a ƙarasa ta ba. Aka zauna aka yi lissafin maki a takarda, Plateau United ta Jos ta fito a sama, amma ba a miƙa wa kowa kofi ba.

A nan Kaduna abin ya fi haka tsanani. Tun ran 26 ga watan Maris gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita dare da rana, ba a sassauta ta sosai ba sai cikin watan Yuni. Aka rufe makarantu da kasuwanni da wuraren ibada. Gidajen kallo su ma suka yi duhu, domin ko da an bar su a buɗe babu abin nunawa, tun da Ingila ta tsai da tata gasar ran 13 ga watan Maris. Watau a cikin mako biyu tak saurayin Kawo da na Unguwar Rimi da na Tudun Wada suka rasa fili, suka rasa akwatin talabijin, suka rasa ko da ɗan dandalin unguwa inda ake kafa duwatsu biyu a ce raga ce.

Yawancin masu karanta mujallar nan suna sakandare a lokacin, waɗansu sun shigo jami'a ke nan, waɗansu kuma ba su daɗe da kama aikin gwamnati ba. Kowa ya ɗanɗana zaman nan, kowa kuma ya yi ta rantsuwa cewa in dai aka buɗe ƙofa ba zai ƙara fashin kallo ba. Mun ga ya kamata mu tuna wa juna wannan alkawari, domin ɗan Adam mai mantuwa ne, kuma darasin da watannin nan suka koyar bai kamata ya bi iska ba.

Ba mu da ja a kan rufewar. Rai ya fi ƙwallo, kuma duk shugaban da ya ga cuta tana bin numfashi ya bar dubban mutane su cunkushe a benci ɗaya, ya ci amanar jama'arsa. Abin da muke so a duba shi ne, mene ne ainihin abin da muka yi kewa?

Mai amsawa da gaggawa zai ce ƙwallo. To, amma ƙwallo ai ba ta daɗe ba ta dawo. Jamus ta koma wasa ran 16 ga watan Mayu, Ingila ta bi sahu ran 17 ga watan Yuni. Sai dai filayen babu kowa, har gidajen talabijin suka riƙa sanya sowar 'yan kallo da aka ɗauka tun da, don su rufe shirun. Kowa ya kalli wasannin nan a wayarsa ko a ɗakin mahaifinsa ya san ƙishirwar ba ta tafi ba. 'Yan wasan su ne dai, ragar ita ce dai, amma abin ya zama kamar tuwo babu miya. Ashe jama'a muka yi kewa.

Ranar wasa a garin nan ba da busar alƙali take farawa ba. Tun da hantsi ake fara musu a teburin mai shayi da bakin ofis. Bayan azahar sai ka ga ayari ayari sun nufi fili, masu Keke suna ta lodi, mai rake ya kafa baronsa, mai gyaɗa da mai ruwan sanyi suna kai da kawowa, mai tsire yana hura wuta tun kafin a fito. A ciki kuwa akawu yana zaune kusa da makaniki, ɗalibin likita kusa da ɗan dako, babu mai tambayar wani takardar shaidarsa. In aka jefa ƙwallo a raga sai ka rungumi mutumin da ba ka san sunansa ba, in aka ɓarar da fenariti ku dafe kai tare. A hutun rabin lokaci a raba rake, a tambayi labarin gida, wani ma a nan yake jin inda ake ɗaukar ma'aikata. Bayan an tashi a tako da ƙafa ana bitar wasan har a rabu a mararraba. Wannan duka shi ne abin da waya ba ta iya kawowa, kuma shi ne abin da masu rake da gyaɗa da tsire suka rasa tare da abincinsu na yini, su da ba su da albashin da zai jira su a ƙarshen wata.

A wani gari ana iya cewa wannan nishaɗi ne kawai. A Kaduna ya wuce nan. Kowa ya san abin da rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka yi wa garin nan. Iyalai da yawa sun kwashe kayansu sun ƙetare kogi, waɗansu suka yi kudu, waɗansu suka yo arewa, har ya zama galibin Musulmi suna wannan gaɓa, galibin Kirista suna waccan. Mu da aka haifa bayan haka mun tashi mun tarar da gari biyu masu suna ɗaya. Akwai ɗalibi a cikinmu da ya girma a Badarawa bai taɓa cin abinci a wani gida a Sabon Tasha ba, akwai kuma wanda ya girma a Narayi bai san hanyar Unguwar Shanu ba. Wuraren da suka rage inda mutanen gaɓar biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa don son ransu, ba don tilas ta aiki ko ciniki ba, ba su da yawa. Filin ƙwallo yana cikinsu, kuma Filin Wasa na Ahmadu Bello yana tsaye ne daf da hanyar da ta nufi gada, kamar an ajiye shi don ya tari mai zuwa daga kowane ɓangare.

Filin nan ya ga manyan ranaku. A watan Afrilu 1978 Pele da kansa ya taka leda a cikinsa, sanye da rigar Fluminense ta Birazil, a karawarsu da Raccah Rovers ta Kano. A 1999, lokacin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, a nan Sifen ta fitar da Gana da bugun fenariti, sa'an nan ta doke Mali a wasan kusa da na ƙarshe, tana da wani yaro mai suna Xavi a tsakiyar fili. A 2009 gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta sake kawo baƙi garin nan. Daɗin daɗawa, ƙungiyar da ta ciwo wa Nijeriya lambar zinariya a Atlanta ta Amurka a 1996 tana ɗauke da 'ya'yan Kaduna har biyar: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da wansa Emmanuel. A wasan ƙarshe da aka ci Ajantina 3 da 2, Celestine da Amokachi kowannensu ya jefa ɗaya. A dubi sunayen nan da kyau. Filayen ƙasa na garin nan ne suka haɗa su, kuma ranar da suka ci, Kaduna duka ta yi murna, babu wanda ya tsaya tambayar wace gaɓa ce ta haifi wane.

To, a nan ne maganar take da ɗaci. Korona ta rufe ƙofa na watanni, amma ba ita ta fara korar mutane daga benci ba. Ranar da aka dakatar da babbar gasar ƙasa a 2020, ƙungiyoyi 20 ne a cikinta, babu ta Kaduna ko ɗaya. Alhali garin nan ne ya fitar da Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta masu riƙe da kofi a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta sha da ƙyar, sa'an nan ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma a 1989. Garin nan ne ya fitar da Kaduna United, wadda ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010, bayan 'yan shekaru kuma ta faɗo daga babban rukuni. Kada City ta hau a 2019, ta sayar da gurbinta a shekarar. Ana iya ɗora laifi a kan rashin kuɗi da rashin tsari, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ƙungiyar da take wasa gaban benci wayam ba ta da abin da za ta nuna wa mai zuba jari, ba ta kuma da wanda zai yi kuka in ta mutu.

Ina muka tafi? Mun koma gidan kallo, muna musu a kan Arsenal da Chelsea da Barcelona. Ba mu ce wannan laifi ne ba, mu ma muna zuwa, kuma gidan kallo yana da nasa zumuncin. Sai dai gidan kallo na unguwa ne. Wanda ka tarar a ciki shi ne wanda ka bari a ƙofar gida. Ba ya sa ka ƙetare gada. Kuɗin da ka biya kuma ya tafi ga man janareto da kamfanin tauraron ɗan Adam, ko kwabo ba ya zama takalmi a ƙafar yaron Malali da ke neman inda zai nuna kansa.

Abin da ya biyo bayan dokar hana fita ya isa ishara. Da aka mai da Filin Sani Abacha na Kano wurin killace masu cutar, sai Kano Pillars ta ɗauki filinmu ya zama gidanta a kakar 2020 zuwa 2021. A nan Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, ya buga mata wasa bayan ya dawo gida a 2021. Ga babban ɗan wasa a tsakiyar garinmu, ga doka ta hana shiga, ƙungiyar kuma ta maƙwabta ce. Wanda bai ji ciwon wannan ba, ba ya son Kaduna.

Akwai kuma wani hali namu da ya kamata a faɗa. Ran 25 ga watan Maris 2016, da Nijeriya ta karɓi Masar a nan, aka buɗe ƙofa kyauta. An ƙiyasta mutum dubu 40 suka shiga, fiye da abin da filin ke ɗauka nesa ba kusa ba. Waɗansu suka ɗare turakun fitilu, waɗansu suka hau allon nuna ci. Etebo ya ci mana, Mohamed Salah ya rama ana dab da tashi, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta ci Nijeriya tarar dala 5,000. Allah ne ya kiyaye ba a yi asarar rayuka ba. Wannan rana ta nuna ƙaunar ƙwallo tana nan a garin nan jingim, amma ƙauna ce mai jiran baƙo da kyauta. Ƙaunar da ke raya ƙungiya ita ce ta mai zuwa ranar da babu Salah, ya bi layi, ya biya kuɗin ƙofa, ya zauna har a tashi ko da ana cin nasa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, duk wanda ke iya biyan kuɗin gidan kallo sau huɗu a wata, ya ware ɗaya ya kai filin da ƙungiyar gida ke wasa, ko a wane rukuni take, ko da filin ƙasa ne. Ya tafi da abokin karatunsa na ɗaya gaɓar, wannan mako a nan, mako mai zuwa a can. Muna kira ga ofishin wasanni na ƙungiyar ɗalibai ya riƙa liƙa jadawalin wasannin gida a allon sanarwa kamar yadda ake liƙa na jarrabawa, ya nemi rangwamen tikiti ga mai katin ɗalibi, ya kuma shirya gasa tsakanin manyan makarantun garin nan wadda za a riƙa bugawa a gaɓar kogi biyu bi da bi.

Ga yayyenmu matasan ma'aikata, ku ne masu ɗan abin hannu a ƙarshen wata. Ƙwallo guda, ko riguna goma sha ɗaya ga yaran unguwa, ba su fi ƙarfin mutum biyar da suka haɗa kai ba. Ku ne kuma gobe za ku zauna a kan teburin da ake yanke shawarar ko filin makarantar firamare zai zauna fili ko za a yanka shi filoti filoti. In ranar ta zo, ku tuna inda su Garba Lawal suka koyi wasa.

Ga hukuma kuma, gina fili da gyara shi nata ne, kuma muna yaba duk abin da aka yi ta wannan fuska. Amma a haɗa da tsari: a ƙidaya tikiti daidai da kujeru, a tsare alƙalin wasa da baƙi, a hukunta mai jifa, a keɓe wurin da mata da yara za su zauna cikin mutunci, a kuma ba masu ƙananan sana'o'i wurinsu a bakin ƙofa maimakon a riƙa korarsu. Filin da uba ba zai iya kai 'yarsa ba, rabin gari ne kawai yake karɓa.

Masu iya magana sun ce zumunci a ƙafa yake. A 2020 doka ce ta ɗaure mana ƙafa, muna da uzuri. Dokar nan an ɗage ta tuntuni, saboda haka duk bencin da ya zauna wayam ranar wasa a garin nan, mu ne za a tambaya.